Kuɗin tallafi da zargi: karatun wani bincike daga Baleyara

A shekara ta 2014 Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai suka buga wani nazari cikin mujallar Revue Tiers Monde game da rabon kuɗin tallafi ga iyalai matalauta a Nijar. Kalmomi uku ke cikin sunansa: mannu, wato abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila daga sama, sai ƙa'idoji, sai zargi. Ba don Baleyara aka rubuta shi ba, amma malamin da ya zauna a Tagazar ko ƙasar Kurfai zai gane fuskokin da ke ciki.

Bayan matsalar abinci ta 2005 da ta 2010, ƙungiyoyin agaji sun koma ba da kuɗi hannu da hannu lokacin da rumbuna suka ƙare. A 2011 gwamnati ta kafa nata shirin da rancen Bankin Duniya: jika goma a wata, tsawon wata 24, a hannun matar gida. Jihar Tillaberi na cikin waɗanda shirin ya shafa.

Ƙarfin nazarin yana wurin zaɓen masu karɓa. Ma'aikata kan zo da takardar tambayoyi, su kasa gari kashi huɗu, daga matalauta na ƙarshe zuwa masu hali. Mutanen gari kuwa, da suka ga fari ɗaya ya ci gonakinsu baki ɗaya, ba su gane dalilin da zai sa a ba wannan gida a tsallake maƙwabcinsa ba. Sai zargi ya faɗa kan mai gari da ƴan kwamiti. Marubutan sun nuna yadda a wasu garuruwa ake jira baƙi su juya baya, a tattara kuɗin a sake raba wa kowa, da yadda mace kan miƙa wa mijinta abin da aka ba ta, domin ciyar da gida haƙƙinsa ne. Ba su kira wannan sata ba, kuma sun yi daidai: ƙa'ida ce ta haɗu da wata ƙa'idar da ta riga ta zama a gari.

Harshe ma yana ba su gaskiya. "Talaka" a Hausa asalinsa wanda ba ya riƙe da sarauta ne, ko da yana da shanu. Wanda ya gaza shi ne gajiyayye ko miskini, kuma kunya kan hana magidanci amsa wannan suna a bainar jama'a. Takardar da aka tsara da Faransanci ba ta jin wannan bambanci.

Sai dai nazarin ya fi daɗewa a ƙofar mai gari fiye da kasuwa. Wanda ya san kasuwar Lahadi ta Baleyara ya san cewa darajar jika goma tana hannun farashin tiyar hatsi, kuma a tsakiyar damina tiya kan hau daidai lokacin da aljihu ya bushe. A nan ake ganin akuyar da aka sayar don a auno gero, da bashin ɗan kasuwa da ke jiran ranar rabo, da kuɗin da ƴan cin rani ke aikowa, wanda ya girmi kowane shiri. Rikicin tsaro da ya kori iyalai daga ƙauyukan arewacin Filinge bayan fitowar nazarin ya ƙara wata tambaya: gidan da ya bar garinsu, a jerin sunayen wane gari za a neme shi?

Nazarin kuma da Faransanci ya fito. Matan da aka yi maganarsu ba za su ji shi ba, sai in ƙungiyoyin al'adu sun mayar da shi Hausa da Zabarmanci, an karanta shi a gidajen rediyon karkara.