Komawa Tushe ko Aron Al'ada? Sharhi a Kan Kiristocin da ke Raya Idodin Attaura

Littafin Firistoci, sura ta 23, ya jera idodin Banu Isra'ila da kwanakinsu: Idin Ƙetarewa ran 14 ga watan fari, da kwana bakwai na abinci marar yisti, da Idin Makonni bayan kwana 50. A wata na bakwai kuwa akwai busa ƙaho ran 1, da Ranar Kafara ran 10, da Idin Bukkoki daga ran 15. Wasu Kiristoci na ganin wajibi ne a raya waɗannan ranaku, tun da Yesu da almajiransa sun kiyaye su. Wannan hujjar ce za a auna a nan.

Ba za a musa cewa tana da madogara a tarihi ba. A ƙarni na biyu ikilisiyoyin Asiya Ƙarama suna yin bikinsu ran 14 ga watan Nisan, daidai da Yahudawa, alhali na Roma suna jiran Lahadi. Taron Nikiya na shekarar 325 ya goyi bayan a bar bin lissafin Yahudawa. Duk da haka, a 386 da 387 Yahaya Kirisostom ya yi ta wa'azi a Antakiya yana tsawata wa Kiristocin da ke halartar idodin Yahudawa. Ai ba a tsawatarwa a kan abin da ba a yi.

Amma hujjar tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, ƙashin bayan idodin shi ne hadaya a Haikalin Urushalima, wanda Romawa suka rushe a shekarar 70. Tsarin jibin Ƙetarewa mai ƙoƙo huɗu na ruwan inabi, a Mishna aka fara rubuta shi, wajen shekarar 200. Watau wanda ya shimfiɗa irin wannan jibi yau, al'adar malaman Yahudawa na baya ya ara. Na biyu, Ayyukan Manzanni sura ta 15 ba ta ɗora idodin a kan waɗanda ba Yahudawa ba, wasiƙar Kolosiyawa sura ta 2 kuma ta hana hukunta mutum saboda su. Ikilisiyar da Herbert Armstrong ya kafa a Amurka ta wajabta su shekara da shekaru, amma bayan rasuwarsa a 1986 magadansa suka janye wajabcin a tsakiyar shekarun 1990, ikilisiyar ta dare.

Manazarcin Hausa yana da nasa rabo a nan. Kalmar "idi", wadda aka aro daga Larabci, takan haɗiye kalmomin Ibrananci biyu: "mo'ed", ƙayyadadden lokaci, da "hag", bikin ziyara, 'yar'uwar kalmar "hajji". Idodi uku ne na ziyara: na abinci marar yisti, da na Makonni, da na Bukkoki. Ranar Kafara kuwa azumi ce, ba shagali ba. Bahaushen da ya ji "idi" zai tuna da Sallah da sababbin tufafi, ma'anar tattaki zuwa wuri guda ta kuɓuce masa. Ita kuwa wannan ma'anar ce ke nuna cewa ziyara ba ta cika in wurin ziyarar ba ya nan.

A taƙaice, raya idodin domin fahimtar asalin addini abu ne mai fa'ida. Kiransa komawa ga ainihin aikin manzanni ne tarihi da harshe ba su tabbatar ba.