Asalin Kalmar “Ɗan Haya” Da Ma'anarta

A wajen tattaunawa kan harshe ana yawan jin ra'ayi iri biyu game da kalmar “ɗan haya”. Wasu na cewa daga “hayi” ko “haye” ta samo asali, domin a ganinsu masu haya a ƙetaren gari suka fara zama. Wasu kuma na cewa baƙuwa ce, don haka a daina koyar da ita, a koma ga “sufuri”. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba.

Na farko, “hayi” tana nufin tsallaken rafi ko kwari, kamar Hayin Banki a Kaduna, kuma babu maganar biyan kuɗi a cikinta. “Haya” kuwa ararriya ce daga kalmar Ingilishi “hire”. Hujjata ita ce tafarkin da 'yan'uwanta suka bi: “wire” ta zama waya, “tyre” ta zama taya. Turawan Ingila ba sa furta harafin “r” na ƙarshen waɗannan kalmomi, Bahaushe kuwa abin da kunnensa ya ji shi ya ɗauka. Dukkansu uku jinsin mace suka shiga: wayar tarho, tayar mota, hayar gida.

Na biyu, masu son a kore ta sun manta dalilin shigowarta. Gaskiya ne malamanmu sun san hukuncin ijara tun daga littafin Risala, kuma ana sufurin jaki da raƙumi. Amma falke in ya iso Kano, wajen fatoma yake sauka, a kira shi baƙo. Fatoma ya ba shi makwanci, ya ajiye kayansa, ya nemo masa masu saye, ya sami la'ada. Dangantaka ce ta amana, wadda takan ɗore har ga 'ya'ya.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, sai ma'aikata da leburori suka cika unguwanni irin su Sabon Gari da Fagge. Waɗannan ɗaki kawai suke nema, su biya a ƙarshen wata. Kalmar “baƙo” ba ta dace da su ba, sai harshe ya ari “haya”, ya jingina mata “ɗan”, kamar yadda ya yi a ɗan kasuwa da ɗan dako. Daga nan ta haifi gidan haya, motar haya, har da sojan haya.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta su koyar da kalmar tare da tarihinta. Su kuma dattawa su lura da yadda wasu ke furta ta da raini, kamar ɗan haya raɓa ne da zai gushe da hantsi. Akwai iyalan da suka haifi 'ya'ya da jikoki a gidan haya, kuma haƙƙin maƙwabtaka da ke kan mai gida shi ne a kansu, shi ne kuma nasu.