Bidiyon Sulhu da Wanda Ba a Ɗauka

Wani sabon fanni ya ɓullo cikin sana'ar ɗaukar bidiyo a ƙasar Katsina, wanda ba Kannywood ce ta ƙago shi ba, har ma ya kafa ƙa'idodinsa da ba a saɓa musu, watau bidiyon taron sulhu. Tun daga 2019, zamanin da Gwamna Aminu Bello Masari ya zauna da mutanen daji, har zuwa zaman da aka yi a Batsari da Safana cikin 2025, siffar ba ta sauya ba: ga rumfa, ga kujerun roba, ga manya sun jeru, sa'an nan ga mutumin dajin Rugu da rawani da jigidar harsashi, an miƙa masa lasifika yana zayyana zaluncin da aka yi masa, samari kuwa sun ɗaga wayoyi sama kamar masu roƙon ruwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a shari'a alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare biyu, amma mai kyamara ya yanke nasa tun daga inda ya tsaya. Mai bindiga ya cika fuskar waya. Manomin da ya sayar da gonarsa ya biya fansa, in ma ya fito, sai dai gefen hularsa. Ina matan da aka kashe wa mazaje a ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin Fabrairun 2020? Ko su ba su iya bayani ba ne?

Wani abin al'ajabi kuma, a 2021 hukuma ta katse layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu, talaka ya rasa hanyar nuna wa duniya halinsa. A 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 bisa zargin kambama 'yan bindiga a wani shirinta. Ashe hoton da ya haramta ga gidan talabijin yakan halatta idan manya ne suka kafa rumfar!

Na yarda, wasu sun koma gona, wasu hanyoyi sun buɗe, ba kuwa ƙaramar ni'ima ba ce. Amma don Allah, mai waya, in an sake taruwa, ka ɗan juya ta bayan rumfa, inda mutanen gari suke tsaye cikin rana.