Masu Karatun Sama: Daga Benayen Nima Zuwa Fadar Paparoma

Sau biyu ko uku a shekara mutanen zango ke ɗaga kai su dubi sama da gaske. Ranar 29 ga Sha'aban, ana sallame magariba za ka ga samari a saman benayen Nima da Maamobi a Akra sun ƙura wa yamma ido, dattawa kuma na ƙofar masallaci da rediyo a kunne suna jiran sanarwa daga ofishin Babban Limamin ƙasa. Da an ce an ga wata, shi ke nan, kowa ya sauke kai sai kuma ƙaramar salla. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, maƙwabcin nan Kirista da ke saɓa kwat ranar Lahadi ya nufi cocin St. Kizito, shi ma babban idinsa a wuyan watan nan yake rataye.

Ƙa'idar Ista, wadda ake jingina asalinta ga taron manyan malaman coci a Nikiya a shekarar 325, ita ce: a jira 21 ga Maris, a jira wata ya cika, Lahadin da ta biyo baya ita ce idin. Shi ya sa ranar ke yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 wata ya cika ranar 25 ga Maris, Ista ta faɗo 31 ga wata. Farin watan da ya tsayar wa Kiristoci ranar idinsu a waccan shekara, shi ne dai wanda ya haska wa masu tarawihi hanya a tsakiyar azumi.

Akwai mutanen da ba sa sauke kai bayan an ga wata. Ba su da digiri a kan abin, ba wanda ke biyansu, ƙila ma tela ne ko malamin firamare ko direban trotro. Sun dai koyi karatun sama ne kamar yadda wani ke koyon sawun dabba. Kada a haɗa su da masu duba. Mai duba yana gaya maka abin da tauraro zai yi maka, ka biya shi. Mai kallon taurari yana gaya maka inda tauraron zai kasance gobe da ƙarfe tara, ka zo da idonka ka gani ko ƙarya yake.

Kayan aikinsa na farko hannunsa ne. Miƙa hannu iya tsawonsa ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a sararin sama, daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar ka kuwa 90 ne, wato dunƙule tara. Ƙaramin yatsa ya ishe ka rufe wata gaba ɗaya, har da rara, domin faɗin watan rabin digiri ne kawai, duk girman da yake yi wa ido idan yana fitowa ta bayan rufin kwano. Da wannan ma'auni gwani zai nuna maka cewa kowane dare wata na gusawa gabas da fiye da dunƙule guda, abin da ke sa fitowarsa ke jinkiri da kimanin minti 50 kullum. Taurari kuma akasin haka suke, suna riga jiya fitowa da minti huɗu, wanda a wata guda ya zama awa biyu. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya riga ya mallaki agogo da kalanda da babu mai yanke musu wuta.

Na biyu shi ne haƙuri, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, leƙa waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai farko. A unguwar da fitilun babban titi, da na masu shayi, da na kantuna ba sa mutuwa, gwani ya san ya juya wa haske baya, ya laɓe a inuwar tankin ruwa. A shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, musamman 2015, lokacin da kowa ke tsine wa duhu, sama ta dawo wa Akra da taurarin da yara da yawa ba su taɓa gani ba. Yanayi ma sai an karance shi. Hazon hunturu na Disamba da Janairu yana shafe duk abin da ke ƙasa-ƙasa, giragizan Mayu da Yuni su rufe sauran. Daren da ya fi kowane kyau shi ne wanda ruwa ya sauka da yamma ya wanke ƙura, sannan gari ya washe.

Akra kuwa ta yi sa'ar mazauni. Digiri biyar da 'yan kai take arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka kusan dukan sama, ta arewa da ta kudu, tana wucewa ta kanta a cikin shekara. Mutumin Landan bai taɓa ganin taurarin nan huɗu masu siffar gicciye daga ƙofar gidansa ba, amma ɗan Maamobi zai gan su can ƙasa ta wajen teku a dararen Afrilu da Mayu. A farkon shekara kuma, taurarin nan uku da ke jere reras a tsakiyar Jauza'u suna fitowa daidai gabas su bi kusan ta tsakar ka. Bi layinsu ta gefe guda ka isa Shi'ira, wadda ta fi kowace tauraruwar dare haske, wadda kuma Alƙur'ani ya ambaci sunanta a Suratun Najmi. Bi ta ɗaya gefen ka wuce Dabaran mai ja-ja, ka tarar da kaza da 'ya'yanta. Ita da Jauza'u duka an kira sunayensu a littafin Ayuba cikin Littafi Mai Tsarki. Hasken da ke shigo maka ido daga kazar nan ya fi shekara 400 yana tafe.

Idan aka samu madubin hangen nesa mai ido biyu, ko da na hannu ne, sai abin ya canza. Ga yadda ake yi. A dafa gwiwar hannu a kan katanga, ko a ɗaure madubin a jikin sanda, don rawar hannu kaɗan ta isa ta ɓata komai. A nemi wata tauraruwa fara tas mai tsayayyen haske.

"Kawu, me ya sa waccan ba ta ƙyafta ido kamar sauran?"

"Ai ba tauraruwa ba ce, ɗana. Duniya ce, Mushtari sunanta. Riƙe numfashinka ka duba gefenta."

Yaron zai yi shiru, sannan ya ce ya ga ɗigo uku a jere. Kawun ba zai yi masa dogon bayani ba. Zai miƙa masa littafi da fensir ya ce ya zana, ya rubuta rana da lokaci. Gobe ɗigon sun koma huɗu, biyu a dama biyu a hagu. Jibi sun sake zama. Kafin mako ya zagayo yaron da kansa zai ce abubuwan nan kewaya ta suke yi. Na kusa da ita yana gama zagayensa a ƙasa da kwana biyu, na nesa yana cin kusan 17. Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne littafin nan. Ba a rubuta abin da ake so a gani. Idan girgije ya rufe, a rubuta girgije ya rufe. Tarbiyya ɗaya ce da ta mai shaidar ganin wata, wanda ya san cewa azumin jama'a na kan harshensa, ya kuma san jinjirin da bai kai awa 15 ba da wuya ido ya kama shi, kuma a nan kusa da tsakiyar duniya kwance yake fitowa kamar ɓarin ƙwarya, ƙahoninsa na kallon sama.

Ɗigon nan huɗu su Galileo ya gani a Janairun 1610, kuma da sunansa ake buɗe baki duk lokacin da za a ce coci da kimiyya ba sa ga maciji. Babu amfanin ɓoye abin da ya faru. A 1633 kotun cocin Katolika ta tilasta masa janye maganarsa cewa duniya ce ke kewaya rana, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida, sai a 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya amsa a fili cewa alƙalan sun yi kuskure. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya karanta shafi ɗaya ne ya rufe littafi. Kalandar da ke rataye a kowane shago a kasuwar Nima aikin coci ce. Lissafin Ista ne ya riƙa zamewa daga lokacinsa, har Paparoma Gregory na 13 ya tara masana, cikinsu da Fada Christopher Clavius, aka gyara. A 1582 mutanen Rum suka kwanta ranar 4 ga Oktoba suka tashi 15 ga wata. Ramukan da za ka gani a fuskar wata da madubinka, tsarin sunayensu daga taswirar Fada Riccioli ta 1651 ya samo asali, fiye da 30 daga cikinsu kuma suna ɗauke da sunayen malaman ƙungiyar Jesuit. Paparoma Leo na 13 ya sake kafa cibiyar nazarin taurari ta Vatican a 1891, tana nan har yau a Castel Gandolfo, da wata na'urarta a kan dutsen Graham a jihar Arizona ta Amurka.

Mutumin da aka naɗa shugabanta a 2015, Guy Consolmagno, labarinsa ya fi kusa da mu. Yana da digirin digirgir a kimiyyar duniyoyi lokacin da ya fara tambayar kansa amfanin nazarin sama alhali mutane na kwana da yunwa. Ya ajiye aiki ya tafi Kenya aikin sa kai a 1983. Can ya tarar duk inda ya kafa ƙaramar na'urarsa a ƙauye, jama'a na yin layi su leƙa zoben Zuhal da ramukan wata, suna murna irin wadda shi ma yake yi. Daga baya ya shiga ƙungiyar Jesuit, kuma shi da abokinsa Dan Davis suka rubuta littafin Turn Left at Orion domin masu ƙananan na'urori. Abin da ya ɗauko daga Kenya shi ne cewa talaka ma yana da yunwar sanin inda yake zaune, kuma raini ne a ce masa wannan ba nasa ba ne.

To ina jituwar imani da kimiyya take? A ganina ba a inda masu wa'azi da yawa ke nemanta ba. Na'ura ba ta nuna Allah, kuma wanda ya ce ta nuna ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, shi ya nuna da lissafi a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, daga nan ya kai ga cewa yana da mafari. Da Paparoma Pius na 12 ya ɗauki wannan a 1951 kamar hujjar labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina gwama su. Dalilinsa mai ƙarfi ne: lissafi na iya canzawa gobe, wanda ya ɗaura imaninsa a kansa kuwa tare za su faɗi. Jituwar tana cikin halin mai kallon ne. Kiristan da ya gaskata cewa Mahalicci ba mai ruɗu ba ne yana da dalilin tsammanin tsari a cikin halitta, yana da dalilin auna ta da gaskiya, kuma ba ya tsoron abin da awon zai fitar. Musulmin da ke kusa da shi a kan benen ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Za su iya saɓawa a kan abubuwa manya, amma a kan ko ɗigon uku ne ko huɗu, gani ya kori ji.

Zango ma ba baƙon irin wannan zama ba ne. Ranar Ista ta 2019, 21 ga Afrilu, Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King da ke Akra ya zauna tare da masu ibada, cikin bukukuwan cikarsa shekara 100. Wuraren koyo kuma ba su yi nisa ba. A 2009 Dakta Jacob Ashong ya buɗe ɗakin nuna taurari mai rufin ƙubba a Cantonments, tafiyar 'yan mintoci daga Nima. A Kuntunse, kan hanyar Nsawam, an mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 na'urar sauraren sama, aka ƙaddamar da ita a Agustan 2017. Waɗanda suka yi wayo a 2006 kuwa ba za su manta safiyar 29 ga Maris ba, da rana ta ɓace a Akra gari ya yi duhu, inuwar ta wuce ta Katsina da Maradi. Masana sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo, masallatai da coci-coci suka cika da addu'a, babu wanda ya hana wani.

Lissafin nan dai ya nuna cewa ranar Asabar 6 ga Fabrairun 2027, dab da faɗuwar rana, wata zai shiga gabanta ya bar zoben haske a gaɓar tekun Gana. Jinjirin da zai biyo bayan wannan husufin shi ake sa ran zai buɗe Ramadan, ranar Laraba 10 ga wata kuma Kiristoci su shafa toka su shiga nasu azumin. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasan coci a Nima da Maamobi su haɗa kuɗi su tanadi tabarau na musamman na kallon husufi, su raba wa yara. Kada kowa ya dubi rana da ido tsirara, ko da baƙin gilashi, balle da madubin hangen nesa, domin haskenta yana ƙona ido nan take kuma ba a jin zafinsa sai ɓarna ta riga ta auku.