Littafin da Ke Yi wa Yaro Tambaya

Da babban hutun lakwal ƙanina ya taso daga Kwatano zuwa Malanville, tafiyar da ta haura kilomita 700. Cikin tsarabar da ya sauke har da wani littafi mai kaurin bango, ruwan ɗorawa, wanda ya miƙa wa 'yar yayarmu, yarinya 'yar shekara 11 da ta gama aji biyar, wato CM1. Babu labari a cikin littafin, babu darasi. Kowane shafi tambaya ce guda da Faransanci a sama, ƙasa kuma layuka ne suna jiran amsa. Wani shafin ya ce ta zana ɗakin kwananta. Wani ya ce ta faɗi abin da ya ɓata mata rai yau. Wani ya nemi abubuwa uku da take godiya a kansu.

Kwana uku ina lura da ita. Sai ta fara tsara amsar a wata 'yar takarda, ta kai wa yayanta da ke kwaleji ya gyara mata kurakurai, sannan ta ɗauko bik da rula ta kwafe a tsanake, har da jan layi ƙarƙashin kwanan wata kamar yadda mushe ya koya musu. Da ta cika shafi huɗu ta kawo mini, ta rusuna, ta ce, "Kawu, duba mini. Nawa za a ba ni bisa goma?" Bayan nan littafin ya shige akwatin uwarta, ƙarƙashin zannuwa, inda ake adana abin da ake jin tausayin ɓatawa.

Irin wannan littafi yanzu kasuwa guda ce a Turai da Amurka. Ana ba yara shi ranar zagayowar haihuwa ko lokacin Kirsimeti. Akwai mai neman godiya safe da yamma, kamar The Five Minute Journal da ya fito a 2013, daga baya aka yi na yara. Akwai mai umartar yaro ya yaga shafi ko ya dame shi da ƙasa, kamar Wreck This Journal na Keri Smith, na 2007. Masu tallarsu sukan jingina da binciken James Pennebaker na 1986, wanda ya sa mutane su rubuta abin da ke cin ransu minti 15 a rana har kwana huɗu, ya ga alamun sauƙi a lafiyarsu. To amma ɗaliban jami'a ya gwada a Amurka, kuma bai ce su cike gurbi uku na godiya ba. Tsakanin abin da ya gano da abin da ake sayarwa da sunansa akwai 'yar rata.

Duk da haka ba zan raina dabarar ba, don ta gano wani abu na gaskiya: farar takarda tana da kwarjini. Ka ba yaro kaye sabo fil ka ce ya rubuta abin da ya ga dama, zai yi ta cizon bik har a kira magariba. Ka tambaye shi wa ya fara tsokana a faɗan jiya, sai ka roƙe shi ya yi shiru. Mu ma mun san haka tun a gindin murhu, shi ya sa mai kacici-kacici ke jefa magana ya jira, mai tatsuniya kuma ba ya farawa sai an amsa masa. Ko Anne Frank, wadda aka ba littafi mara ko tambaya ɗaya ranar da ta cika shekara 13, a 12 ga Yuni 1942 a Amsterdam, sai da ta ƙago ƙawa mai suna Kitty ta riƙa yi mata wasiƙa. Abin da ke cikin littafin tsarabar nan, in an tuɓe masa bango da launi, babba ne da ya zauna ya tambayi yaro. An dai buga shi da inji ne saboda babban ba shi da lokacin zama.

To me ya sa bai ci a hannun 'yarmu ba? Sai an dubi abin da rubutu yake nufi ga ɗan Malanville. Da asuba yana makarantar allo: malam ya rubuta masa ko ya yi satu da kansa, ya biya, ya haddace, ya wanke, a yi masa ƙari. Ba a sa ran ya ƙara ko ɗigo ɗaya daga kansa, kuma daidai ne, don maganar Allah ce. Da hantsi yana lakwal, gaban kaye mai layukan nan sirara da wani Bafaranshe mai suna Seyès ya tsara a 1892 don a daidaita tsawon kowane harafi. Nan ma kwafe ne daga babban allo, sai shifta, sai darasin da za a haddace. Ko ranar da aka ce ya ba da labarin hutunsa, ya san abin da ake nema shi ne jimla mara kuskure, don haka yaran da ba su taɓa wuce Kandi ba sukan rubuta cewa sun je bakin teku. Yaron da ya shekara biyar yana rubuta maganar wasu domin a duba a ba shi maki, in ya ga tambaya a kan takarda jarrabawa ya gani. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, abin da aka koya mata ta yi.

Sai batun harshe, wanda ya fi nauyi. Garin nan na Dandawa ne, ga Zabarmawa, ga Fulani, ga Hausawa, ga Yarbawa da Fon da kasuwa ta kawo. Yaro yakan tashi da harshe biyu ko uku kafin ya taka lakwal, amma Faransanci kaɗai aka koya masa rubutawa. Da Dandanci ake zaginsa, da Hausa yake ramawa, da Faransanci kuma ake so ya faɗi yadda ya ji. Kalmomin da yake da su a can ƙalilan ne, kuma duk sun sha guga: na yi murna, na yi baƙin ciki. Babu takaici a ciki, babu haushi, babu ƙyashi, babu ɗoki. A tsallaken kogi, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, amma ko a Gaya ba a cika samun ɗan firamaren da zai rubuta wa kakarsa wasiƙa da Hausa ba tare da ya haɗa gumi ba.

Tambayoyin su ma da gidan da aka haife su. "Zana ɗakin kwananki" magana ce ta gidan da yarinya ke da ɗaki nata, da ƙofa, da aljihun tebur mai makulli. 'Yarmu su biyar ke kwana ɗaki ɗaya da kakarsu. Ta zana gado da fitila da labule irin na littafin karatu, ta bar tabarma da gidan sauro da buhun albasar da ke bayan ƙofa. Tambayar ɓacin rai kuwa karo ta yi da kunya. Yarinyar da aka hore ta kada ta kama sunan babanta, ta yaya za ta rubuta da bik, abin da ba ya gogewa, cewa shi ya ɓata mata rai? Godiya kaɗai ce ta zo mata da sauƙi, har sauƙin ya yi yawa: Allah, iyaye, malamai. Amsar da duk ɗan kirki zai bayar ko da barci aka tashe shi.

Abin mamaki, 'yan matan lakwal na wannan yanki sun daɗe da nasu littafin tambayoyi, ba wanda ya sayo musu. Da Faransanci suna ce masa cahier d'amitié, kayen ƙawance. Mai shi takan rubuta jerin tambayoyi a shafin farko: sunanki, abincin da kike so, waƙar da kike so, wace ce aminiyarki, me kike so ki zama, me kika fi tsana a halin mutum. Sai kayen ya yi ta yawo daga jaka zuwa jaka, kowace ta amsa a shafinta, ta yi zanen fure, ta manna hoton da ta yanko. Asalinsa tsoho ne. A Ingila ta ƙarni na 19 ana yayinsa, kuma Marcel Proust yana saurayi ya amsa irin tambayoyin a littafin ƙawarsa Antoinette Faure, wadda mahaifinta ya zama shugaban Faransa a 1895. Na ga na yayata da ta ajiye tun tana kwaleji. Faransancin cike yake da kurakurai, Hausa da Zabarmanci na leƙowa ta kowace kusurwa, wata ta amsa tambayar aminiya da sunaye biyu sannan ta soke ɗaya da ƙarfi har takardar ta huje. Rai ke nan. Ya rayu ne saboda mai tambayar mutum ce da aka sani, tana jiran ta karanta, kuma babu mai jan bik a kai.

Haka ma manyan labaran rayuwa da muke da su da Hausa. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka bautar, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har suka ƙetare wannan kogin namu a Say a 1853, suka kai Tumbutu, ya isa Ingila a 1855. Can J. F. Schön ya zaunar da shi yana ba da labari ana rubutawa, abin da ya fito a Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo ma ba ta riƙe alƙalami ba, Mary Smith ce ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. In ka karanta su za ka ga ba su cika tsayawa su ce ga yadda zuciyata take ba. Suna faɗin wa ya zo, me aka ci, wa aka kama, me aka ce. Zuciyar tana nan, amma ta bayan gida take shigowa, cikin abin da mai labari ya zaɓi ya tuna. A ganina nan ne masu buga littattafan tambaya suka yi wa yaranmu bahaguwar fahimta: suna ƙwanƙwasa ƙofar gaba, wadda tarbiyya ta kulle.

Gwaggon yarinyar, wadda ke sayar da shinkafa a babbar kasuwa, ba ta san Proust ba, amma ita ta gyara lamarin. Ta sayi kaye mai shafi 100, irin mai jadawalin lissafi a bayansa, ta sa ɗanta ya rubuta mata tambayoyi a saman shafuka, da Hausa, da haruffan lakwal. Ba rubutun ƙa'ida ba ne, "ou" yake sawa inda muke sa "u", amma ana ganewa. Je ki tambayi Kaka yadda ake ƙetarewa Gaya kafin a gina gada a 1958. Tun da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, me kika gani ana lodawa a kwale-kwale? Wace ce ta fi kowa iya ciniki a layinmu, yaya take yi? Rubuta zagin da ya fi ba ki dariya, ko da wane harshe ne. Ta miƙa mata ta ce, "Ungo, 'yata. Ba na mushe ba ne, kada ki kai wa kowa gyara."

Wani malamin ƙauye a Faransa, Célestin Freinet, ya yi kusan haka tun 1924, lokacin da ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i ajinsa a Bar-sur-Loup don yara su buga abin da suka gani da idonsu. Gwaggo ba ta da inji, kuma dabararta na da nata rauni. Tambayar da aka buga a kamfani ba ta karanta amsa, don haka ba ta tona asiri. Tambayar gwaggo kuwa tana da ido da baki, kuma a gidan yawa ake. Malamai sun san wannan, shi ya sa kundinsu ke kwana cikin gafaka ba mai taɓawa. Yarinya ba ta da wannan alfarma. Iyaye da yawa a nan in suka ga 'ya mace ta duƙufa kan rubutun da ba na lakwal ba, wasiƙar saurayi ce ke fara zuwa musu a rai, kuma na san gidan da aka jefa irin wannan kaye a murhu. Wanda zai ba da kyautar, sai ya shirya tsaya wa kayen, ya san wa zai hana buɗewa, har da shi kansa.

Daga baya yarinyar ta kawo mini kayen da kanta, ta buɗe shafi ɗaya ta danne sauran da tafin hannu. Tambayar kwale-kwale ce. Ta lissafa buhunan masara, da babur biyu, da wata tsohuwa da ta rufe ido tana salati tun daga wannan gaɓa har waccan. A ƙasa, da ƙananan haruffa, ta ƙara cewa babanta ma da yana da aiki a tashar manyan motoci, yanzu kullum yana gida, kuma shi ke cinye ƙanzon tukunya. Na kai hannu zan juya shafi, ta janye kayen.

"Kawu, wannan kaɗai ne naka."