Ɗan hayaƙin da gwani ke bari

Direban tirela ya dawo daga Jos ransa a ɓace. A Hawan Kibo, in ji shi, ya take totur har ƙasa amma motar ta yi ta nishi kafin ta amsa. "Oga, don Allah a ƙara mata mai kawai." Mai gyaran famfon injekta bai taɓa sifana ba. Ya sa yaronsa ya ciro filtar iska, ya buga ta da ƙasa, ƙurar hunturu ta turnuƙe wurin. Daga nan ya bi tiyon turbo da tafin hannu yana laluben tsaga. Wanda ya san aikin nan iska yake fara tambaya kafin mai.

Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sai famfo ya feso mai ta nozul, ya kama da kansa. Tun 1927 kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa, kuma jikokinsa na nan a manyan motocinmu. Ita kuwa turbo, zafin da ke fita daga injin ne ke juya ta, har ta wuce juyi 100,000 a minti, tana cusa ƙarin iska a ciki. To ga inda gizo ke saƙar: turbo ba ta tashi sai mai ya ƙone da yawa, mai kuma ba ya ƙonewa tas sai turbo ta kawo iska. Daƙiƙa biyu ko uku da ke tsakani, a nan gwaninta take. A sakar wa injin mai da wuri, turbo ta farka da sauri amma salansa ta yi aman baƙin hayaƙi. A matse man, hayaƙi ya ɗauke, mota ta koma kamar jakin da ya gaji.

A kan famfon akwai wata 'yar hula mai faifan roba da sifirin a ciki, Jamusawa na kiranta LDA. Siririn tiyo ne ke kawo mata labarin iskar turbo. Da iskar ta yi ƙarfi sai ta danne robar, famfo ya sami izinin ƙara mai. Sukurun saman hular shi ke yanke yawan man da za a bayar kafin turbo ta tashi, taurin sifirin kuma shi ke cewa a sake shi da gaggawa ko a hankali. Akwai wani sukuru daban na cikakken lodi, wanda kamfani ke rufewa da hatimi don kada kowa ya yi wasa da shi. Gwani kan ɗiga fenti a kan sukuru, ya murɗa kwata, ya fita gwaji, ya dawo. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda, don ya san wanne ne ya yi magana.

Hayaƙin ma karanta shi yake yi. Baƙi, mai ya fi iska. Fari mai yaji a ido, yawanci taimin ya makara ko nozul na ɗiga. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, ba laifin famfo ba ne. Kuma yana tsoron abin da direba bai gani: man da ya wuce kima yana dafa injin a kan hawa, fistin kuwa na alminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660.

Ina son kallonsa a gaban bencin gwaji, famfo na gudu, mai na taruwa a jerin siraran kwalabe masu zane, ɗaya ga kowace silinda. Yakan sunkuya har idonsa ya yi daidai da layin, ya daidaita har su tsaya kafaɗa ɗaya. Fulanjar cikin famfon, wadda yake riƙewa da yatsu biyu, ratar da ke tsakaninta da gidanta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba, shi ya sa ko tsumma mai zare ba ya bari ya kusance ta.

Da la'asar suka fita da lodi, oga a gefen direba, idonsa a madubi. Direba ya take. Wani siririn hayaƙi ruwan toka ya fito, turbo ta yi fito, hayaƙin ya ɓace, motar ta ɗauka. "A bar ta haka," in ji oga, ya miƙa wa yaro sukundireba.