Jinjina ga Masu Koyon Aikin Sa Barci a Ɗakin Tiyata

Idan aka yi tiyata lafiya, likitan da ya riƙe wuƙa ake yi wa godiya. Ba kasafai ake tuna wanda ya tsaya a wajen kan mara lafiya, yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa ba.

Kafin matashin likita ya kai nan, sai ya haye jarrabawar farko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ko takwararta ta Nijeriya. Ya kwana a bakin aiki, gari na wayewa ya koma kan littafi: yadda huhu ke shigar da iska cikin jini, yadda hanta da ƙoda ke sarrafa magani su fitar da shi. Dole ya san cewa cikin magungunan sa barci, propofol na sauke ƙarfin jini, ketamin kuwa yakan riƙe shi, shi ya sa ake zaɓarsa ga wanda ya zubar da jini. Allurar bayan da ke sa uwa ta ji kukan jaririnta ido biyu ana tsakiyar tiyata, wannan karatu ne ya haife ta.

Sannunku da ƙoƙari. Allah Ya ba ku sa'a, domin nasararku rayukanmu take karewa.